Kada ki biya kuɗin keken ɗinki sai kin taka shi

In ɗinkin gida za ki yi a nan Bauchi, su atamfa, shadda da kayan makarantar yara, baƙin keken nan mai kan ƙarfe da ake takawa da ƙafa, irin su Butterfly da Singer, shi ya fi dacewa. Ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. In hali ya samu daga baya, sai a ɗaura masa ƙaramin moto ya koma na lantarki. Sai dai miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ba ya zigzag, ba ya wibin.

Ƙananan farare masu jikin roba suna da ban sha'awa, amma da yawansu giyar cikinsu ma roba ce, ninkin shadda kan cinye ta. Na gwanjo kuwa ki duba bayansa: in an rubuta 110V, na wutar Amurka ne, tamu 220 zuwa 240 ce. Kina jona shi kai tsaye, moton ya ƙone.

Ranar saye, ko Wunti za ki ko wata kasuwar, ki tafi da ƙyallayenki. Ki ninka shadda gida huɗu ki ɗinka, sannan ki gwada yadi mara kauri. Ki juya ƙyallen ki duba ƙasa. In zare ya cukurkuɗe, yawanci zaren sama ne bai ɗaure ba, gyara tenshan, wato maɓallin da ke saita ɗaurin zaren, ya wadatar. Amma in an sa sabuwar allura daidai yana ta tsallake ɗinki, allura da shatil, wato ƙarfen ƙasa da ke kamo zare daga allura, ne ba sa haɗuwa a kan lokaci. Wannan a gyara shi a gabanki, ko ki bar shi. Ki kama sandar allura ki girgiza. In tana rawa, keken ya ci duniya, komai ƙyallin fentinsa. Haƙoran da ke jan yadi kuma kada su zama sun shafe.

Allurarsa mai gefe ɗaya a shafe ce, wadda ake rubuta HAx1 a fakitinta, ba zagayayyiyar keken masana'anta ba. Lamba 14 ta atamfa, 16 ta shadda mai ninki, 11 ta yadi mara kauri. Ki haɗa da bobin, wato abin naɗe zaren ƙasa, ko guda 6, da bel na ajiya, da farin man keke. Man gyaɗa yana daskarewa ya riƙe ƙarfe, don Allah kada a ɗiga masa. Da hunturu a riƙa rufe shi, a share ƙura daga gidan bobin kafin a sa mai.