Hoton furen Yaya da ya kai ni Aburi

Duk wannan wahalar Yayata da ke aure a Ingila ce ta ja mini. Ta turo hoto a WhatsApp na gida, katangar bayan gidanta ta lulluɓe da wani fure shunayya, kowane ɗaya ya kai tafin hannu, ta rubuta wai sunansa kilematis. Inna tana gani ta ce ita fa sai an dasa mata irinsa a bangon tsakar gidanmu a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Ghana, bangon da ko fenti bai gani ba tun auren Yayar. Na zaga wajen masu sayar da fure na bakin titi a Ankara har wuri huɗu, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba, wani ya miƙo min wani abu daban yana rantsuwa shi ne, na ƙarshe dai ya ce in hau dutse in je Aburi, can akwai sanyi, in ba a samu a can ba to in haƙura.

Ranar Asabar bayan asuba na sha koko da ƙosai na ja ƙanena muka nufi tashar unguwar Madina muka shiga trotro, ƴar bas ɗin haya. Daga Adenta zuwa Ayi Mensah ba wani abin faɗi, go-sulo ne da ƙura da yaron mota yana rigimar canji. Amma da mota ta fara hawan dutsen sai kunnena ya toshe, iska ta canza, ka leƙa taga ka ga Ankara shimfiɗe a ƙasa kamar an shanya wanki, ga mutane birjik a gefen hanya suna motsa jiki da sassafe. Muka wuce Peduase, gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah. Tafiyar kilomita 30 ce da ɗan wani abu, amma sai ka rantse wata ƙasa ka shiga.

Lambun Aburi tun 1890 Turawan Ingila suka buɗe shi, kana shiga dogayen bishiyoyin nan masu kama da kwakwa sun jeru hagu da dama, ga wani rimi da mutum goma ba za su zagaye shi da hannu ba, ga tsohon jirgin helikwafta da yara ke hawa. Mun yi yawo har ƙafa ta yi tsami, ina nuna wa mutane hoton a waya, ban ga ko mai kama da shi ba. Ƙanena kuwa ba ruwansa, hoto kawai yake ɗauka.

A waje ne, wajen masu sassaƙa, wani ya kwatanta mana wani dattijo mai renon shuka a bayan gari. Ashe Bazango ne, wato ɗan zango, unguwar masu jin Hausa, Hausa a bakinsa tsaf, ya ce ya yi shekaru yana aikin lambu a gidajen Turawa. Na gaishe shi na miƙa masa waya, ya riƙe ta nesa da ido ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ai Jackmanii ne." Na ce Baba kilematis aka ce min. Ya ce e, kilematis ai dangi ne, sun fi kala 300 a duniya kafin ma a zo kan waɗanda mutane suka haɗa aure, wannan wani mai gandun fure a Ingila, George Jackman, ya haɗa shi a 1858 shi ya sa yake ɗauke da sunansa.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu, muka zauna a benci yana buɗewa yana lasar yatsa. Wallahi nan na manta da yunwa. Ya nuna min Nelly Moser, na Faransa, 1897, fari-fari mai ruwan hoda da jan layi a tsakiyar kowane kunne kamar an ja da burushi, ya ce in rana ta yi masa yawa layin kan koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Ga Duchess of Edinburgh fari fat, kunnuwa a kan kunnuwa cunkus kamar ɗaurin ɗankwalin biki. Ga montana na duwatsun Himalaya, ƙanana masu kunne huɗu amma in suka fito ba ka ganin ganye. Wanda ya fi burge ni tangutica, rawaya, ba ya buɗewa shimfiɗe irin na Yaya, kai yake sunkuyarwa kamar ƴar ƙararrawa. Ni da na ɗauka fure ɗaya ne nake nema.

Ya kuma ce abin da nake kira furen ma ba shi ne ainihin kunnen fure ba, ganyen da ke rufe toho ne ya ɗauki launi. Kuma ba ya kama bango da kansa, da wutsiyar ganye yake naɗe waya ko siririn itace ya hau, ke nan ko an samu sai na kafa wa Inna raga.

Na ce to Baba nawa ne. Ya rufe littafin ya ce ba shi da shi, kuma ko a jirgi aka kawo min kar in ɓata kuɗina, manyan nan suna son lokacin sanyi su zubar da ganye su yi barci kafin su farka su yi fure, kuma saiwarsu na son ƙasa mai sanyi kansu na cikin rana. A Nima ina za ka samo wannan, siminti ne ta ko'ina, kwano a sama, ko da hunturu fanka muke kunnawa. Na ji haushi gaskiya, kuɗin mota na mutum biyu.

Da ya ga fuskata sai ya ce taso. Can ƙarshen fili wata yaɗo ta haye shinge, furanninta ƙanana farare masu ɗan ƙamshi, wasu sun riga sun bushe sun zama gashi fari buzu-buzu kamar gemun tsoho. Ya ce wannan ma kilematis ne, namu na Afirka, hirsuta, daga daji ya tono shi. Na kai hannu zan murje ganyen ya buge min hannu, wai ruwansa na ƙona fata. Ya ba ni ƙarami a baƙar leda, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, sai goro na saya masa.

A hanyar dawowa na rungume ledar a cinya, wata mata mai kwandon abarba tana ta danne min ita. Mun iso bayan la'asar. Inna ta kalli ledar, ta kalli hoton Yaya, ta sake kallon ledar, ta ce "Wannan ciyawar ka hau dutse ka ɗauko?" Amma da na fito sallar magariba na tarar ta matsar da ita kusa da famfo inda inuwa take, ta kifa mata tsohon kwando saboda akuyar maƙwabta.