Abin da rajistar maganin sida ta nuna mini a Damagaram

Aikin da aka ɗora mini shi ne zagaya cibiyoyin da ke ba da maganin sida a jihar Damagaram domin duba ingancin kulawar da masu ɗauke da ƙwayar cutar suke samu. Gwajin da ke tabbatar da cewa ƙwayar ta daina jin magani yana da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, shi ya sa muka dogara da alamun gargaɗi na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara: zuwa karɓar magani a kan lokaci, ci gaba da shan sa bayan wata 12, yankewarsa a ma'ajiya, da awon yawan ƙwayar a jini.

Na fi daɗewa a kan rajistar mai ba da magani, kuma a nan na lura cewa makara wajen zuwa karɓar magani tana bin lokutan shekara. Da zarar an gama girbi, magidanta daga Magarya da Matamai sukan tafi cin rani Kano ko Agadas, wasu har Libiya. Wanda ya tafi da maganin wata ɗaya alhali zai yi wata huɗu, sai ya riƙa tsallake kwana don maganin ya kai shi, yana ganin dabara ce. Hakan yana da haɗari ƙwarai, domin ƙwayar da ke hayayyafa cikin jinin da magani ya yi ƙaranci ita ce ke samun damar sauya kama ta bijire.

Tun da hukumar ta fifita maganin sida mai suna dolutegravir a 2019, wasu ma'aikata sun saki jiki saboda ƙwayar ba ta saurin bijire masa kamar yadda ta yi wa magungunan da suka gabace shi, efavirenz da nevirapine. A ganina wannan sakaci ne. Na tarar da sakamakon awo da ya haura ƙwaya 1000 a kowace mililita ta jini ajiye cikin fayil, ba a kira mai shi ba, alhali ƙa'ida ita ce a zauna da shi kan yadda yake shan magani, a sake awon bayan wata uku.

Yanzu shawarar da nake ba kowace cibiya ita ce a tambayi mutum tun kafin kaka ko yana da niyyar tafiya, cikin sirri, sannan a ba shi maganin wata uku zuwa shida idan awonsa ya yi kyau.