Ƙyalla Ta Ci Abinci a Zango

'Yan'uwa masu koyon tuƙa karnukan ƙanƙara, ina yi muku sallama daga Two Rivers, gabas da Fairbanks a jihar Alaska ta Amurka. Da asubar yau na dawo daga dajin White Mountains, kuma ko kwanciya ban yi ba na zauna rubuta muku wannan, domin abin da na shafe mako bakwai ina nema ya samu a daren jiya. Ƙyalla ta cinye abincinta a zango, ta sha romo har ta lashe gindin kwano, sannan ta naɗe a kan ciyawarta ta yi barci na awa uku ba tare da ta ɗaga kai ba. Na san duk wanda ya taɓa durƙusawa a gaban kare da ludayi a hannu cikin sanyin tsakar dare, karen ya kawar da kai gefe, zai fahimci irin farin cikin da nake ciki.

Ga waɗanda ba su bi labarin tun farko ba, Ƙyalla karya ce mai shekara biyu da rabi, nauyinta bai wuce kilo 21 ba, kuma ita ce jagabar, wato mai jan gaban tawaga, da na fi dogara da ita cikin karnuka 12 da uwar ɗakina, mai gidan karnukan da nake yi wa aiki, ta ware mini domin tseren Copper Basin 300 da ake tashi daga Glennallen a watan Janairu. Wannan shi ne na farko cikin tseren share fage da nake buƙata, tunda ba a barin sabon matuƙi ya shiga Iditarod, babban tseren karnuka na Alaska, sai ya kammala tsere biyu masu mil 300 da wani guda mai aƙalla mil 150. A wajen aiki ba ni da abin da zan ce da ita sai yabo. Tana karɓar umarnin dama da hagu tun kafin in rufe baki, tana wuce wata tawagar ba tare da ta waiwaya ba, kuma inda iska ta shafe sawu ƙafarta ce ke gano hanyar da ke binne. Matsalarta guda ɗaya ce, wato muddin muka bar gida ba ta cin komai.

Na fara lura da haka a zangonmu na farko a ƙarshen Oktoba, lokacin muna jan babur mai ƙafa huɗu saboda dusar ƙanƙara ba ta kai a fito da amalanken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara ba. Na shimfiɗa ciyawa, na cire musu safar ƙafa, na dama abinci a kula, na bi layi ina zuba wa kowa. Goma sha ɗaya suka afka wa kwanukansu, ita kuwa ta sunsuna nata, ta sa hanci ta turo ƙanƙara ta rufe shi. Na ɗauka baƙunta ce. A zango na biyu da na uku ma haka ta yi, har yankan kifin da nake jefa musu a tsakiyar tafiya takan bar shi a ƙasa, wanda ke bayanta ya ɗauke. Da mun dawo gida kuma sai ta cinye kwanonta kamar ba ita ba.

A tafiyar mil 30 ko 40 wannan hali ba ya nuna illarsa, shi ya sa na yi sakaci da shi fiye da yadda ya kamata. Amma ku tuna cewa binciken da aka yi a kan karnukan da suka yi tseren Copper Basin ɗin nan, wanda aka wallafa a 1997, ya nuna kare ɗaya yana ƙona fiye da kalori 11,000 a rana, ruwan da ke shiga jikinsa yana fita kuma ya kai kimanin lita 5. Mafi yawan wannan ruwa ta cikin abinci da romo yake shiga, domin a irin wannan sanyi karnuka ba sa son tsurar ruwa. Saboda haka karen da ya ƙi ci ya ƙi sha ke nan, kuma ɗan cizon ƙanƙarar da yake yi yana cikin gudu ba zai cike gurbin ba. Na kan ja fatar da ke tsakanin kafaɗunta in saki, kuma bayan zango na uku na ga fatar ta yi jinkirin komawa, dasashinta ya yi danƙo. Idan likitocin tsere suka ga haka a zangon tsere na Chistochina ko Meiers Lake, hanya ɗaya ce ta rage, in sauke ta in ci gaba ba jagaba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka abincin ne bai yi mata ba, sai na shiga farautar abin da zai ja ra'ayinta. Na sayo tumbin saniya, na sayo fatar kaza, na nemo naman biba, wata dabbar ruwa mai gina madatsa, a wurin wani mai ɗana tarko, tunda kowa a nan ya yi ittifaƙi cewa kare ba ya ƙin sa. Kifi ne ya fi ci mini rai. Tsofaffin matuƙa suna ba da labarin lokacin da suke shanya kifin salmon na kogin Yukon da yawa domin karnukansu, amma tun da kifin ya yi ƙaranci har aka hana kama shi a 2021, sai wanda aka ɗauko daga nesa, kuɗin mota a kanka. Cikin mako uku na kashe dala 260 a kan abincin karya ɗaya, daga albashin da ku ma kun san yadda yake, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da ya fi muni ma, na koya mata cewa idan ta ƙi kwano na farko akwai na biyu da ya fi shi daɗi, har ta fara yi mini yanga a gida, inda a da ba ta da matsala ko kaɗan.

Daga nan hankalina ya koma kan gyambon ciki, kuma wannan ba zargi ne na banza ba. Likitocin dabbobi na Jami'ar Jihar Oklahoma da suka leƙa cikin karnukan da suka kammala Iditarod a farkon shekarun 2000 sun tarar kusan rabinsu suna da rauni a tumbi, yawancinsu kuma ba sa nuna wata alama. Na kai ta asibiti aka auna jini aka duba haƙora, na biya dala 380, sakamakon ya fito lafiya ƙalau. Likitar ta ce a sa ta a kan omeprazole, maganin gyambon ciki, a riƙa ba ta kafin abinci lokacin da cikinta ba komai, kuma uwar ɗakina ta ce dama duk tawagar za ta hau shi idan nisan tafiya ya ƙaru. Ban yi nadamar wannan kuɗi ba, domin da ban duba ba da zuciyata ba ta kwanta ba, sai dai maganin bai sa ta buɗe baki a zango ba.

A wannan tsakanin jadawalin da na rubuta tun watan Satumba ya rikice gaba ɗaya. Na tsara cewa ƙarshen Nuwamba mu kai mil 50 a tashi ɗaya, farkon Disamba mu fara haɗa tafiya biyu da zango a tsakani, amma na riƙa taƙaita tafiya saboda tsoron kada ta rame, sauran karnukan kuma suka rasa nisan da ya kamata su samu. Ban ma iya tantance muku makon da muke ciki a jadawalin ba. Uwar ɗakina ta kira ni ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa idan aka kai tsakiyar Disamba haka, za ta cire Ƙyalla ta ba ni wani tsohon jagaba mai shekara tara wanda ya san hanya amma gudunsa ya ragu. Gaskiya ta faɗa, amma na kwana ina jin zafin maganar, domin ni na yi renon karyar nan tun tana jaririya, ni na raɗa mata suna saboda farin da ke goshinta.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a wani zango da na yanke shawarar ba zan yi komai ba sai kallo. Bayan na raba abinci na koma na zauna a kan amalanke, na kashe fitilar goshi, farin wata ya isa in ga layin gaba ɗaya. Duk sauran sun ci sun kwanta. Ita kaɗai ce a tsaye a can gaba, igiyar bayanta a miƙe tamau kamar muna tafiya, kunnuwa a tsaye, idonta a kan hanya. Ta fi awa ɗaya a haka, idan ta ɗan zauna kuma wani reshe ya motsa sai ta zabura ta miƙe. Sai na gane cewa a wurinta ba a tashi daga aiki ba. Na shafe shekara guda ina koya mata cewa aikin jagaba shi ne ta riƙe uwar igiya, wadda duk karnuka ke ɗaure a jikinta, a miƙe duk lokacin da aka tsaya, kada ta juyo, kada ta shagala, ta kuma koya fiye da kowa. Ban taɓa koya mata lokacin da ake ajiye wannan nauyi ba. Ina kawo mata abinci tana bakin aiki, ita kuma tana ƙin barin aikin domin ta ci.

Tun daga ranar na sauya yadda nake sauka a zango. Da mun tsaya nakan ɗaure gaban uwar igiya da ƙugiya ta biyu, yadda layin zai tsaya a miƙe ba da ƙarfinta ba. Sannan in kwance ta in mayar da ita baya, kusa da amalanke, gefen wani kare mai suna Duna, wanda ba shi da wani buri a duniya da ya wuce kwano. Ina cire mata ɗamarar ja gaba ɗaya, in sa mata riga, in shafa mata kafaɗu da wuyan ƙafa, kullum bisa tsari ɗaya ba na sauyawa, domin ta gane cewa wannan jerin shi ne alamar an tashi. Romo kawai nake miƙa mata da farko, abinci mai nauyi kuwa sai bayan minti 45, kuma da ɗumi kaɗan, domin na lura tururi yana sa ta ja da baya. Na daina tsayawa a kanta ina lallashi. A gida kuma na koma abinci iri ɗaya da na kowa, kwano minti biyar, wadda ba ta ci ba a ɗauke sai an jima. Kwana biyu ta gwada ni, ranar ta uku ta sauko.

Abin da ya fi wahala shi ne maimaitawa. Na riƙa fita tafiyar mil 10 kacal, in yi cikakken zango na awa biyu a inda ake iya hango hayaƙin gidanmu, in dawo. Sau tara na yi haka cikin mako biyu, kuma daurin ciyawa biyar ya tafi a ciki. A na huɗu ta kwanta amma ba ta ci ba. A na shida ta ɗauki nama ɗaya da na ajiye a kan ƙanƙara lokacin da Duna ya miƙo wuya zai sace, daga nan na fahimci kishi zai yi mini aikin da naman biba ya kasa. Na riƙa zuba mata a ƙasa maimakon kwano, daidai inda hancin Duna zai kusa kaiwa amma igiyarsa ba za ta bar shi ba.

Jiya muka yi gwaji na gaske. Mun tashi da la'asar muka yi mil 45, muka sauka wajen ƙarfe goma na dare, sanyi ya kai digiri 29 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Na bi tsarin nan ɗaya bayan ɗaya, na kunna murhu na narkar da ƙanƙara, na jiƙa nama da kitse da abincin buhu. Da lokaci ya yi na ajiye mata kwanon na juya baya ina gyara safar ƙafa, zuciyata na bugawa. Sai na ji ƙarar kwano yana gogar ƙanƙara. Na haska a hankali, ga ta ta dafe shi da ƙafa ɗaya, gashin bakinta duk ya yi fari da raɓar da ta daskare, tana yi wa Duna gurnani ƙasa-ƙasa. Na ƙara mata rabin ludayi ta cinye. Bayan hutun awa biyar na mayar da ita gaba, fitsarinta ya fito fari tas a kan ƙanƙara, ta ja mu mil 45 na dawowa da kuzarin da ban taɓa gani a tare da ita a tafiya ta biyu ba. Ina alfahari da ita ƙwarai, kuma na gode wa Allah da ban saki hannunta ba.

Ban ce an gama ba. Jiya mu kaɗai ne a daji, alhali a zangon tsere tawaga ashirin ko fiye za su iya sauka wuri ɗaya, ga haushi, ga fitilu, ga masu tashi suna wucewa ta gefenta, kuma ina tsoron ganin wasu na tafiya zai sake tayar da ita tsaye. Na roƙi maƙwabta biyu mu yi zango tare ranar Asabar, su tashi awa ɗaya kafin ni, in ga yadda za ta yi. Akwai kuma Duna, wanda wuyan ƙafarsa ta hagu ya ɗan kumbura da muka iso. Na shafa masa magani na naɗe, zai huta kwana uku, kuma idan bai warke ba ban san wa zan ajiye kusa da ita ba, domin babu mai haɗamarsa a cikin sauran. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa fama da jagaba mai irin wannan hali a zango mai cunkoso, ina son sanin ko rufe mata gani da daurin ciyawa ko da jakar amalanke ya taimaka, kafin in gwada ranar Asabar.