Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan lalurar 'yarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, bayan shekara biyu muna fafutuka, an gano abin da ke damun 'yarmu mai shekara 8, har ta fara shan magani.

Da yawanku kun ga ƙurajen nan da idonku. Ruwan ɗorawa ne, masu tauri, sun fito mata a gwiwa da gwiwar hannu da tsakanin yatsu, daga baya agararta ma ta yi kauri. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa zafi, ba sa ruwa. A kemis aka ce makero ne, muka shafa mai har muka gaji. Wasu suka ce jifa ne. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ranar da ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai yara sun ƙi zama kusa da ita, sun ce kuturta ce.

Godiyata ta farko bayan Allah ga likitar fata ce. Ta ɗauki hannun yarinyar, ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shafa agarar, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, a danginku akwai wanda ciwon zuciya ya ɗauke yana da sauran ƙarfinsa?" Jikina ya yi sanyi. Mahaifina bai kai hamsin ba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, Allah ya jiƙansa. Ƙaninsa ma haka, kuma shi ne mahaifin matata, don auren zumunci muka yi.

Aka ɗebi jini, aka yanki ɗan ƙurji ɗaya aka duba. Ashe kitse ne ya taru a ƙarƙashin fata, irin tarin da likitoci ke kira zantoma. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Hanta ce ke kwashe mugun kitsen nan na kwalastarol daga jini, to akwai waɗanda ake haifa hantarsu ba ta iya wannan aiki sosai. Wanda ya gaji wannan lalura ta ɓangare ɗaya, kamar ni da mahaifiyarta, ana samun kusan mutum 1 cikin 250, kuma yawanci bai ma san yana da ita ba. 'Yarmu ta uwa da ta uba ta gada, wannan kuwa sai an tara dubban ɗaruruwan mutane kafin a samu ɗaya. Kitsen da muke gani a fatarta, irinsa ne ke taruwa a jijiyoyin zuciya. Da mun ci gaba da shafe-shafe, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Likita, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Ba ki ɗora mana laifi ba, kin ce ba abincin gidanmu ne ya jawo ba, kuma wallahi wannan kalmar ce ta sa mahaifiyarta ta samu barci a daren.

Ina godiya ga likitan zuciya na yara da ya duba ta, da ma'aikatan ɗakin gwaji. Yaya Babba, kuɗin gwajin farko kai ka biya ba tare da na buɗe baki ba. Goggo, ke kika riƙe mana ƙananan duk ranar asibiti. Malamar ajinsu kuma ta tara yaran ta gaya musu ba a ɗaukar wannan cuta, yanzu tare suke cin tuwo a kwano ɗaya. Maƙwabta da jama'ar masallacinmu, mun ga addu'arku.

Magani ne na har abada, mu ma iyayen an ɗora mu a kansa, ga komawa asibiti akai-akai. A ci gaba da sa ta a addu'a.

'Ya'yan Baffa da jikokin Kaka da ba a gwada ba tukuna, don girman Allah ku fito ranar Litinin da safe. Likita ta ce har yara a kawo, ni zan kai ku.