Alif ɗin Inna da ruwan da ya ƙi kwanciya

Da damina ruwan rafin garinmu jawur yake zuwa. Inna, kakata, takan jefa ɗan gutsuren alif a randa, ta juya da ludayi, kafin la'asar laka ta kwanta a gindi, sama ya yi garau. Sai da na kai jami'a ina karatun sinadarai na gane abin da tsohuwar nan take yi.

Ƙwayoyin yumɓun da ke yawo a ruwa suna ɗauke da caji nagetif, irin na ɓangare ɗaya na batir. Tunda cajinsu iri ɗaya ne, korar juna suke yi, ba sa dunƙulewa balle su yi nauyin nutsewa. Abin da ke kashe wannan ƙiyayya shi ne ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji, wanda cajinsa fozitif ne, kishiyar nagetif. Sodiyam na gishiri caji ɗaya gare shi, kalsiyam biyu, alminiyam na cikin alif uku.

Da farko na ɗauka mai uku ya ninka mai ɗaya sau uku ne kawai. Ina! Wasu masana kimiyya biyu, Schulze a 1882, sannan Hardy a 1900, sun nuna tazarar ta wuce haka nesa. A lissafin da aka fitar daga baya, aikin da mai caji ɗaya zai yi da mudu 729, mai biyu zai yi shi da kusan 11, mai uku kuwa mudu 1 ya ishe shi. Shi ya sa ko ka barbaɗa gishiri a randa ba abin da za ka gani, sai dai ka ɓata ruwan.

Wani hutu na zo gida da ɗokin sabon ilimi, na ce bari in yi wa Inna gwaninta. Na daka alif cikin tafin hannu na zuba. Har magariba ruwan nan yana nan fari-fari, ga bauri a baki. Ashe in alminiyam ya yi yawa, manne wa yumɓun yake yi har ya zarce, cajin ya juye ya koma fozitif, ƙwayoyin su koma korar juna kamar da.

Inna ta leƙa randar, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Maigidan, wannan bokon naka da ƙishirwa zai kashe mu."

Ta miƙo mini tulu, na koma rafi a cikin duhu.