Keken Kaka Ya Tashi, Yanzu Ina Kan Awo

'Yan uwa masu koyon ɗinki, keken da na gada wurin kakana, Allah ya jiƙansa, ya fara aiki. Singer ne mai feda, samfurin 15K. Harafin K ɗin na nufin a masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotland aka ƙera shi, wadda aka rufe a 1980. Tsohon mai ya daskare a gaɓoɓinsa kamar ƙaro, sai da na bi su da kananzir, na goge, sannan na ɗiga man keke. Igiyar fatar da ke juya keken ma ta bushe ta tsattsage, na sa sabuwa.

Ga mai irin wannan keke: ka fara taka feda ba zare, har ƙafarka ta saba da juya wilin keken zuwa gare ka. In ya koma baya ana cikin ɗinki, zare zai cukurkuɗe ko ya tsinke.

Daidaita zare ya fi ɗaukar mini lokaci. Zare biyu ne ke haɗuwa, na allura da na bobin (ɗan abin naɗa zaren da ke ƙarƙashin allura), irin ɗinkin da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, kuma ƙullinsu a tsakiyar yadi ya kamata ya ɓuya. In ka juya yadi ka ga zare ya yi kunne-kunne a ƙasa, yawanci na sama ne bai matsu ba, kada ka yi gaggawar taɓa bobin. Na sa baƙi a sama, fari a ƙasa, nan take na ga wanda ke rinjayar wani. Allura mai lamba 90/14 nake sa wa yadin auduga, 100/16 ga mai kauri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa littafin awon Kaka ne, da na tarar a aljihun teburin keken. Kaka tela ne mai ƙaramin shago, kuma duk wanda ya san shi, hirarsa yake fara ambata kafin ɗinkinsa. Benci biyu ya ajiye a shagon, ba don masu kawo aiki sun kai haka yawa ba, sai don masu zuwa zama. Ina yaro nakan ɗauka surutu ne kawai yake so. A littafin, kowane shafi mutum guda ne: kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo, a inci. A gefe kuma akwai ƙananan rubuce-rubuce: wannan kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, wancan ba ya son wuya ya matse shi, wani mahaifiyarsa ba lafiya, a tambaye shi jikinta. Wasu shafukan an soke awon an sake sau da yawa, alamar yaro ne ya girma a hannunsa. Akwai inda ya rubuta bashi, ya ja layi a kai, bai rubuta an biya ba.

Da na fara auna mutane da kaina na gane amfanin hirar. Da zarar ka zagaya wa mutum tef, sai ya miƙe ƙam, ya shanye ciki, ya ɗaga kafaɗa. Rigar da aka yanka a kan wannan tsayuwa za ta matse shi in ya zauna. Kaka yakan ja mutum da zance, ya tambayi gida da aiki, sai an yi dariya jiki ya saki, sannan ya karanta tef. Na gwada da ƙanena: awon cikinsa yana shiru daban, yana ba ni labari daban. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma yanzu nakan tanadi tambaya kafin in ɗauki tef, kuma na buɗe nawa littafin da fili a gefe kamar nasa.

Kalmasa ta miƙe, aljihu ma ya fara kyau. Hannun riga ne har yanzu yake tattarewa a saman kafaɗa in na haɗa shi. Zan gwada kama shi da ɗinkin hannu tukuna kafin in kai shi keke. Wanda ya wuce wannan mataki a cikinku, ina son jin yadda yake rarraba rarar yadin a wurin.