Kafin ku hau kan itacen oak da kwalabenku

Ƙannena masu sha'awar nazarin ƙwari, ku duba lokaci tun kafin ku duba kayan aiki. Sa'ad da na fara tara ƙwarin oak, wata babbar bishiya, a dazukan kudancin Ingila, sai a ƙarshen Yuli na fita, don a lokacin ne na samu sarari. Na dawo da 'yan tsutsotsi kaɗan, har na fara rubuta cewa bishiyoyin ba su da wadatar ƙwari. Ashe an ci kasuwa an watse. Tun a 1970 masani Paul Feeny ya nuna cewa ganyen oak yana ƙara tauri, yana tara tanin, sinadarin nan da ake jeme fata da shi, yayin da bazarar Ingila ke nisa. Shi ya sa tsutsotsin faɗa-wuta suke rububin ɗanyen toho a Afrilu da Mayu. Wanda zai yi irin aikin a gida ya tuna da gawo, mai zubar da ganye da damina. Jadawalin wata bishiya ba zai yi masa ba.

Sai maganar feshi. Ana shimfiɗa mazurarai a ƙasa, a tura hayaƙin maganin ƙwari sama, a jira abin da zai zubo. Da asuba ake yi, iska na kwance, ganye a bushe. Na taɓa makara, iska ta kwashe hayaƙin ta kai wa bishiyar da ke kusa. Amma babbar wautata ita ce ɗaukar abin da ya faɗo a matsayin duk abin da ke sama. Tsutsar da ke rami a cikin ganye ba ta faɗowa, haka wadda ke cikin ƙullutu ko ƙarƙashin ɓawo. Masanin ƙwari Richard Southwood ya lissafa nau'in ƙwari 284 masu rayuwa a kan oak a Birtaniya a 1961, da aka sake lissafi a 1984 suka kai 423. Hanya ɗaya ba ta kamo su. Ku haɗa da karkaɗa rassa, da tarko, da duba ganye ɗaya bayan ɗaya, ko da wuyanku zai ƙage.

Takardar shaida kuwa, mai ɗauke da bayanin bishiya da rana, da fensir ake rubuta ta, a jefa cikin kwalbar. Etanol, ruwan da ake adana ƙwari a ciki, yana wanke tawadar biro tas, kuma ƙwaron da ba a san bishiyarsa da ranarsa ba ya tashi daga aiki. Kada ku tara fiye da abin da za ku iya tantancewa: feshin safiya ɗaya kan ci watanni a gaban madubin ƙara girma.